KADA A RUFE RIJIYA DON MAI BABBAN GUGA

Jama'a, 'yan'uwanmu talakawa da 'yan kasuwa, maganarmu ta wannan mako a kan intanet ce, wadda ake jawo wa ɗalibai a ɗakunan kwana na manyan makarantu, da yadda ake rabonta a tsakaninsu. Watakila wani ya ce, ina ruwan mai awon hatsi a kasuwar Birnin Gwari da wannan zance na 'yan boko? To, da ruwansa tsundum. Shi ne ya sayar da buhunan masara, ko ya kai bijiminsa kara, ya tura ɗansa karatu Zariya ko Kaduna. A cikin kuɗin da ya biya, makarantu da yawa sukan rubuta wani kaso na kwamfuta da intanet. Wanda ya biya kuɗin abu kuwa yana da iko ya tambayi inda abin ya shiga.

Karatun zamanin nan ya koma cikin waya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta shiga jami'a a kan kwamfuta ake yin ta. In yaro ya sami shiga, rajista ta intanet, biyan kuɗi ta intanet, duba sakamako ta intanet, littattafan da babu su a laburare ma can zai nemo su. Ɗan mai hali ba shi da damuwa, datarsa na aljihunsa, in ta ƙare ya sayi wata. Ɗan talaka kuwa, wanda ya baro gida da garin rogo da ƙuli-ƙuli, layin makaranta shi ne gatansa, balle tun da hukumar NCC ta yarda wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairu 2025. Saboda haka duk ranar da layin makaranta ya cushe, ko aka toshe shi, mun san wanda abin ya faɗa wa a ka.

YADDA LAYIN KE CUSHEWA

Bari mu fayyace abin yadda kowa zai gane. Makaranta takan sayi layi daga kamfani, mai faɗi ƙayyadajje, tana biya wata-wata ko shekara-shekara. Faɗin nan shi ne iyakar abin da zai iya wucewa a cikin daƙiƙa guda, kamar yadda bakin rijiya yake da iyakar gugunan da za su shiga a lokaci ɗaya. Da rana ɗalibai suna aji, rijiya ta huta. Da dare kowa ya komo ɗaki, ya ɗauko wayarsa, sai dubban guguna su taru a baki ɗaya.

Kayan da ake jawowa kuwa ba nauyinsu ɗaya ba. Da mega da giga ake auna su, mega dubu shi ne giga ɗaya. Littafin karatu na iya zama mega 5, fim guda na iya kai giga ɗaya. Ashe ke nan mai sauke fim ɗaya ya sha ruwan littafi 200.

Sa'an nan akwai wata dabara ta turi tsakanin kwamfuta da kwamfuta, wadda ta fi suna da BitTorrent, wani mutumin Amurka mai suna Bram Cohen ya ƙago ta a 2001. Ita ba daga kanti ɗaya take ɗauko kaya ba. Takan yayyanka fim gutsu-gutsu, kwamfutarka ta karɓi wannan gutsure daga wani a Masar, wancan daga wani a Indiya, a lokacin nan kuma tana miƙa wa waɗansu abin da ta riga ta samu. Mutum ɗaya sai ya zura igiya hamsin ko ɗari a rijiya, alhali maƙwabcinsa mai neman littafi igiya ɗaya gare shi. In ba a kashe ta ba, ko ta gama sauke nata ba ta hutawa, mai ita na sharar barci tana ta tura wa mutanen duniya kaya ta layin da iyayen yara suka biya. A yau kallon bidiyo kai tsaye a YouTube da TikTok da Facebook ya fi wannan dabara cin layi, amma ciwon ɗaya ne: kaɗan sun shanye, da yawa suna tsaye da tulu wofi.

Wannan ɓarna ce, ba mu musa ba. Inda muka rabu da mahukunta shi ne wajen magani. Maganin da ya fi musu sauƙi shi ne su toshe: a hana kaza, a kashe layin ɗakunan kwana da dare, ko a janye shi gaba ɗaya a bar na ofisoshi. To, mu mutanen Birnin Gwari mun ɗanɗani wannan magani, mun san ɗacinsa.

ABIN DA MUKA GANI A 2021

Ran 3 ga Satumba 2021 aka ba da umarnin katse layukan waya a Jihar Zamfara, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato suka bi baya. Ran 30 ga watan aka katse na waɗansu sassan Jihar Kaduna, har da ƙasar Birnin Gwari, bayan an riga an dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma haɗa da hana hawan babur. Ba a ba da umarnin mayar da layin ba sai ran 26 ga Nuwamba, watau kusan wata biyu.

Ba mu ce an yi da mugun nufi ba. Kowa ya san abin da dajin Kamuku da na Kuyambana suka zama a shekarun nan, kowa ya san halin da hanyar Kaduna ta shiga ta wajen Buruku da Udawa. Amma a duba wanda ya ɗauki nauyin. Mai POS ya naɗe tabarmarsa. Ɗan kasuwa ba shi da halin jin farashin masara a Kaduna kafin ya yi lodi. Mai mara lafiya ba shi iya kiran mota. Ƙauyen da aka faɗa wa ba shi iya kiran agaji. Ɗalibin da ya zo hutu sai ya yi tafiya mai nisa, a kan hanya mai hatsari, kafin ya sami sabis ya duba ko sunansa ya fito. Bayan duk wannan, harin bai ƙare ba, aka ci gaba da shi shekaru, sai a Nuwamba 2024 aka yi sulhun da ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Laifin mutum ɗari aka ɗora wa mutum dubu ɗari. Laifin tudu ka taka ka hango na wani, shi ya sa muke cewa duk shugaban makarantar da ke shirin kashe layin ɗalibai dubu goma don ɓarnar mutum hamsin, ya fara tambayar mutanen garinmu yadda ta kaya.

Akwai kuma darasi na biyu a cikin watannin nan, wanda masana ya kamata su lura da shi. Da aka kashe ƙarafan sabis, turi bai mutu ba. Wa'azi da karatu da waƙa da fim suka ci gaba da yawo daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth da memori, domin waɗannan ba su bukatar ƙarfen sabis, waya biyu ne kawai ke magana da juna in sun yi kusa. Masu shagon caji da turi sun san wannan tun da daɗewa: sau ɗaya suke sauke fim, su tura wa mutum ɗari. Ashe turi iri biyu ne. Akwai wanda ke fita ta ƙofar gari ya ci layi mai tsada, akwai wanda ke yawo a cikin gida bai ci kome ba. Wanda ya haɗa su ya yi musu hukunci ɗaya bai san aikinsa ba.

WAƊANDA SUKA RIGA MU SHIGA

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ba. A 1999 wani ɗalibi a birnin Boston na Amurka, Shawn Fanning, ya fito da Napster, dabarar musayar waƙoƙi tsakanin kwamfutoci. Kafin a ce kwabo ta cika ɗakunan kwanan ɗalibai. A Fabrairu 2000 Jami'ar Indiyana ta toshe ta, ta ce ta cinye fiye da rabin layinta, jami'o'i da yawa suka yi haka. Mawaƙa da kamfanonin faifai suka kai ƙara, a Yuli 2001 Napster ta tsaya. Shin musayar ta ƙare? Ko kusa. Kazaa ta fito, BitTorrent ta fito, kowace ta fi ta baya wuyar kamu. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Waɗansu suka sake tunani. A 2003 Jami'ar Cornell ta daina farautar dabaru ɗaya bayan ɗaya, ta koma awo. Aka yanka wa kowace kwamfuta giga 2 a wata, wanda ya zarce ya biya ƙari, abin da ya yi yawo a cikin makaranta bai fita waje ba kuwa ba a lissafa shi. Rabin wannan dabara muna so, rabi ba mu so. Awon daidai ne. Sayar da ƙari kuwa, a ƙasa irin tamu, buɗe wa ɗan mai kuɗi ƙofa ne ya saye rijiyar.

A nan gida ma an taɓa nuna cewa haɗa kai yana karya farashi. A 2005, lokacin da jami'o'inmu ke jawo intanet ta tauraron ɗan'adam da tsada mai tsanani, jami'o'i 11 na Afirka suka haɗa ciniki wuri ɗaya da taimakon waɗansu gidauniyoyi na Amurka, suka saya a sari daga kamfanin Intelsat. A cikinsu akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Jos. Farashi ya faɗi ƙwarai. A 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, a 2014 kuma aka ƙaddamar da NgREN, layin da ya haɗa jami'o'in tarayya 27 da juna. Duk ɗan kasuwa ya san wannan ilmi ba tare da ya shiga aji ba: mai sayen tirela ba farashinsa ɗaya da mai sayen tiya ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Na farko, a auna wa kowa da mudu ɗaya. Kowane ɗalibi a ba shi lambarsa ta shiga, da rabonsa na yini ko na mako. Wanda ya cinye nasa kada a kore shi, kada kuma a ce ya kawo kuɗi. A rage masa gudu, yadda zai iya buɗe littafi da wasiƙa amma fim ya gagare shi, har gobe ta yi. Na'urorin da ke yin wannan aiki ba sabbi ba ne, ma'aikatan kwamfuta na makarantunmu sun san su.

Na biyu, a raba lokaci. Daga magariba zuwa tsakar dare a ba karatu gaba, manyan kaya su jira. Daga tsakar dare zuwa asuba, sa'ad da layi ke zaune banza alhali an riga an biya kuɗinsa, a sake shi kowa ya kwasa. Kamfanonin waya da kansu suna sayar da datar dare da araha saboda wannan dalili. Masu noman rani ma haka suke raba ruwa, wannan da safe, wancan da yamma, ba a taɓa jin sun fasa madatsa don wani ya wuce lokacinsa ba.

Na uku, a gina rumbu a cikin gida. A ce ɗalibai 500 suna son bidiyon darasi ɗaya mai nauyin giga ɗaya. In kowa ya fita waje ya ɗauko, giga 500 sun bi ta ƙofa. In an ɗauko sau ɗaya aka ajiye a babbar kwamfuta ta makaranta, giga ɗaya ne ya bi ta ƙofa, sauran duk turin cikin gida ne. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a Arewa. Shirin nan mai suna eGranary, wanda ma'anar sunansa ke nan rumbu, ya samo asali ne daga wahalar intanet da wani malami ɗan Amurka ya gani a Jami'ar Jos, aka riƙa tara miliyoyin takardu a faifai ɗaya ana kai wa makarantun da ba su da layi. Littattafai, laccocin malamai, tsofaffin takardun jarrabawa, duk su zauna a rumbu, turinsu ya zama kyauta ba awo.

Na huɗu, mudu ɗaya har da manya. In za a auna wa ɗalibi, a auna wa ofis da gidajen ma'aikata. Babu laifi a ba ɗakin bincike da laburare rabo mai yawa, aikinsu ya bukata. Amma kada a ce wa yaro layi ya yi kaɗan alhali akwai waɗanda aka buɗe wa ƙofar baya.

Na biyar, a kafa lissafi a bango. Nawa aka karɓa hannun ɗalibai da sunan intanet a bana? Faɗi nawa aka saya, daga wane kamfani, a kan nawa? Kwana nawa layi ya yi a mace, don rashin wuta ko don rashin biya? A manna wannan a allon sanarwa kowane zango, wakilan ɗalibai su zauna a kwamitin da ke tsara rabo. Sau da yawa akan ɗora wa yara laifin cushewa, alhali layin da aka saya tun asali bai kai na yawansu ba. In lissafi ya fito, za a san na wa ne laifi. Mai gaskiya ba ya tsoron a zazzage buhunsa.

Na shida, mai awo ya auna, kada ya leƙa tukunya. Aikin ma'aikaci shi ne ya san nauyin abin da ɗalibi ya ɗauka. Karanta wasiƙunsa, ko bin diddigin wanda ya yi magana da wa, ba ya cikin aikin. In an bar wannan ƙofa a buɗe, gobe da ita za a kama yaron da ya yi kukan rashin ruwa a ɗakin kwana.

AMSA GA MASU SUKA

Wani zai ce, makaranta wurin karatu ce, a toshe fim da waƙa kurum a huta. Muna tambayarsa, wa zai tsaya a ƙofa yana rarrabewa? YouTube ɗin da ke ɗauke da waƙa shi ne ke ɗauke da darasin lissafi da na aikin likita. BitTorrent ɗin da ake satar fim da shi, da shi ake raba manhajar Linux wadda masu ita suka bayar kyauta, ɗaliban kwamfuta kuwa suna bukatarta. Ban da haka, yaran da suka fi wayo sukan zagaye shingen cikin kwana biyu, a bar marasa wayo a baya. Mudu ba ya tambayar abin da za ka dafa, amma yana hana ka kwashe buhu.

Wani kuma zai ce, to, kuna goyon bayan satar fasaha ke nan? A'a. Masu shirya fim a Kano da mawaƙa da marubuta ba sarakuna ba ne, masu neman abinci ne kamarmu, kuma kowa ya ga yadda kasuwar faifai ta mutu a hannunsu sa'ad da turi ya yawaita. Wanda aka kwashe wa gumi ba a biya shi ba an zalunce shi, ko a gona ko a waya. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kuwa shafi abin da ake yi a intanet. Saboda haka rumbun makaranta kada a zuba masa kayan sata. A cika shi da abin da masu shi suka yarda, in ana son fim a yi ciniki da masu fim, a biya su a dunƙule. Wanda aka kama da sata a hukunta shi shi kaɗai, da sunansa, bayan an ji ta bakinsa.

SAURA NAMU NA GIDA

Duk wannan magana ta waɗanda suka kai ga rijiya ce. Yaro a Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa, wanda zai zauna gaban kwamfuta ran jarrabawa, yana bukatar ya taɓa ta tun kafin ranar. Kamfani ba ya son kafa ƙarfe inda kai masa man dizal ke da hatsari, riba kuma kaɗan. Don irin wuraren nan dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusu na musamman a ƙarƙashin NCC, na kai layi inda kamfanoni ba su kai ba. Wakilanmu na majalisa su tambayo mana rabon ƙasar Birnin Gwari a cikinsa. Kafin nan, rumbun da muka ambata ba ya jiran ƙarfen sabis. Kwamfuta ɗaya da farantin sola sun isa a kafa shi a makarantar sakandare, ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta iyayen yara tana iya ɗaukar nauyinsa in an haɗa hannu.

Saboda haka, 'yan'uwa, in ɗanka ya zo hutu, bayan ka tambaye shi lafiya da karatu, tambaye shi labarin layi. Yana samu? Da wane lokaci? An taɓa nuna musu lissafi? In ka je biyan kuɗi, duba takardar da kyau, ka ga abin da aka rubuta na intanet. In an kira taron iyaye, ka tashi ka yi tambaya, ko da ba ka jin Turanci, domin kuɗinka ba da Turanci ka same shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun ga abin da rufewa ta jawo mana a 2021, ba mu yarda a maimaita wa 'ya'yanmu shi a makaranta ba. A tsara layi, a auna wa kowa, a bar rijiya a buɗe.